Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ɗan Majalisarmu Na Jiha Mai Neman Tazarce

Zuwa ga Mai girma ɗan majalisa mai wakiltar mazaɓarmu a Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah Ya taya ka riƙo.

Honorabul, hotunanka sun fara bayyana a bangon kasuwa da jikin itatuwan tasha, yaranka kuma sun zaga da wata takarda mai ɗauke da ayyukan da ka yi tun daga ranar 18 ga Maris, 2023 da muka kaɗa maka ƙuri'a. Ko ba ka furta ba, kowa ya san tazarce ake nema. Haƙƙinka ne, domin tsarin mulki bai ƙayyade wa ɗan majalisa zango biyu kamar gwamna ba, in jama'a na so sai ya tsufa a kan kujera. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya na koma fadama ina noman albasa. Na rubuto maka a fili ne saboda maganar ba tawa ce ni kaɗai ba. Kuma ko na zo gidanka da safe, layin masu takardar asibiti zan tarar, ba zai yi kyau in kutsa tsakaninsu ina yi maka tambaya a kan kasafin kuɗi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na karanta takardar daga farko har ƙarshe. Akwai babura da aka raba wa matasa, akwai kekunan ɗinki da injinan markaɗe na mata, akwai shinkafar azumi, da fom ɗin JAMB, da rijiyoyin burtsatse, da rufin masallatai, da kujerun Hajji. Ban raina ko ɗaya ba. A ƙididdigar talauci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, jiharmu ce ta zo kan gaba a duk Najeriya, da kashi 91 cikin ɗari na jama'arta. Wannan tun kafin a janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ke nan, kafin kuma a rufe iyakar Illela na tsawon watanni bayan juyin mulkin Nijar. A irin wannan hali, wanda ya kai wa gida buhun shinkafa ya yi abin a sa masa albarka. Na san waɗanda ka biya wa kuɗin tiyata, na kuma gan ka a zaman makoki a ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Allah Ya saka maka da alheri.

Sai dai da na kai ƙarshen takardar na juya bayanta, ban ga majalisa a ciki ba. Babu ƙudurin doka ko ɗaya da aka ce kai ka kawo. Babu ranar da aka ce ka miƙe a zauren majalisa ka yi magana a kan mazaɓarmu. Ko sunan kwamitin da kake ciki babu, balle abin da kwamitin ya gano. Mai yiwuwa ka yi duk waɗannan, masu rubuta takardar ne suka ga ba za su burge mu ba. In haka ne, sun raina mana hankali. Abubuwan da suka lissafa, attajirin garinmu mai motocin albasa yana yin irinsu kowace shekara, bai kuma taɓa neman ƙuri'ar kowa ba. Abin da ba zai iya ba, komai dukiyarsa, shi ne ya shiga wancan zaure ya zauna a ɗaya daga cikin kujeru 30 da ke yi wa jiha mai ƙananan hukumomi 23 doka, waɗanda kuma sai da yardarsu ake taɓa kuɗinta. Wannan kujerar muka ba ka amana, kuma labarinta muke son ji.

Mu fara da mafi sauƙi, wato zuwa aiki. Sashe na 104 na tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Sashe na 109 kuma ya ce ɗan majalisar da ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zama, ba tare da ƙwaƙƙwaran uzuri ba, ya bar kujerarsa. Lokacin da nake hedimasta, da an gama taron safe sai in ja jan layi a littafin sa hannu, duk malamin da sunansa ya faɗo ƙarƙashin layin ya san zai yi bayani. Ku ma akawun majalisa na da irin wannan littafi. Ka karɓo shafinka ka nuna mana. Zama nawa aka yi, nawa ka halarta?

Daga nan sai kasafin kuɗi, inda mafi yawan nauyinku yake. Sashe na 120 ya hana a cire ko kwabo daga asusun jiha sai da amincewar majalisa. Kowane ƙarshen shekara mukan ji a Rediyon Rima cewa gwamna ya kai kasafi, an raɗa masa suna mai daɗi, an ce biliyan kaza. Bayan 'yan makonni sai mu ji an amince, an yi hotuna, an watse. Talaka na jin haka sai ya ɗauka aiki ya zo. Kai ka fi ni sanin cewa kuɗin da aka ware a takarda daban, wanda aka saki daga baitulmali daban, aikin da aka yi a ƙasa kuma daban. Akwai hanyar da ta haɗa ƙauyukanmu da kwalta, tun zamanin wakilan da suka gabace ka ake ce mana tana cikin kasafi, har yau kuwa amalanken shanu ne ke fito mana da kaya in ruwa ya sauka. Ko dai ba ta taɓa shiga ba ana yi mana daɗin baki, ko tana shiga ba a sakin kuɗin, ko ana saki yana bin wata hanyar. A cikin ukun nan akwai gaskiya ɗaya, kuma duk mazaɓar nan kai kaɗai ke da ikon tambaya a ba ka amsa a rubuce. Ka tuna fa, kason da ake raba wa jihohi a Abuja kowane wata ya ƙaru ƙwarai tun da aka janye tallafin mai. Mu ke biyan wannan ƙarin a gidan mai, da kuɗin mota, da kuɗin niƙa. Ba shisshigi ba ne in mun ce a gaya mana inda yake zuwa.

Za a ce ai ana wallafa kasafin a intanet. Haka ne, da Turanci, shafuka birjik, lambobi kamar tururuwa. Wa zai karanta shi a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis? Ga aikin da ba zai ci maka kuɗin babur ɗaya ba: kowace shekara ka sa a tsamo abin da ya shafi mazaɓarmu, a rubuta shi da Hausar boko da ajami a shafi ɗaya ko biyu, a liƙa a ƙofar uban ƙasa da ta kowane hakimi da bakin masallatan Juma'a. Bayan wata shida a sake liƙa wata, mai nuna abin da aka saki da sunan ɗan kwangila. Ranar da mutanen gari suka san nawa aka biya a kan ajin makarantarsu, ba ka buƙatar injiniya daga birni, su da kansu za su tsaya a kan magini su ƙirga buhunan siminti.

Sai sa ido a kan masu zartarwa. Sashe na 128 da na 129 sun ba ku ikon binciken kowace ma'aikata, ku kira kwamishina ko babban sakatare ko ɗan kwangila, ku rantsar da shi, ku sa ya kawo takardu, in ya ƙi zuwa ku sa a kawo shi. Sashe na 125 kuma ya ce babban mai binciken kuɗi na jiha ya kawo muku rahotonsa, kwamitinku na asusun gwamnati ya zauna a kansa. A cikin irin wannan rahoto ake ganin kuɗin da aka fitar babu rasit, da aikin da aka biya ba a yi ba. Ka taɓa karanta shi? Me aka yi da abin da ke ciki? Mukan ga hotunan ziyarar gani da ido, 'yan kwamiti da manyan riguna ana zagayawa da su, daga ƙarshe shugaba ya ce sun gamsu. Ni dai ban cika yarda da binciken da wanda ake bincika ne ya kawo mota, ya zaɓi wurin da za a je, ya kuma shirya abincin rana ba. In kana son ganin asibitin ƙauye yadda yake, ka je shi da dare, kai da direbanka, ba tare da an sanar ba.

Ban jahilci halin da kuke ciki ba. Tikiti na hannun manyan jam'iyya, kowa na da ubangida, wanda kuma ya cika tambaya sai a ce ya fara yi wa gwamnati zagon ƙasa. Shi ya sa a faɗin ƙasar nan ake yi wa majalisun jihohi kallon 'yan amshin shata. Amma an gyara tsarin mulki a 2018, an sake gyarawa a 2023, domin kuɗin majalisun jihohi ya riƙa zuwa musu kai tsaye, kada su riƙa zuwa gidan gwamnati da ƙoƙon bara. Ba kuma faɗa da gwamna muke so ka yi ba, tambaya ba faɗa ba ce, gwamnan kirki ma yana buƙatar mai gaya masa abin da 'yan fada ke ɓoyewa. Mun kuma ga cewa majalisarku na iya sauri in ta so. A 2024 aka kawo gyaran dokar da ta mayar da ikon naɗa uwayen ƙasa da hakimai hannun gwamna, Majalisar Sarkin Musulmi ta tsaya ga ba da shawara. Ƙasa ta ɗauka, aka yi zaman jin ra'ayin jama'a, cikin 'yan makonni aka gama komai. Kowa na da ra'ayinsa a kan wannan doka, ni ma ina da nawa, ba kuma shi ya kawo ni ba. Abin da na lura da shi shi ne har yau babu wanda ya san inda wakilinmu ya tsaya a ranar. A majalisar masu shayi wani dattijo ya ce, "Mu dai anka yi, anka ƙare, ba mu ji bakinai ba." In ka goyi baya ka faɗi dalilinka, in ka ƙi ka faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu ga abin da ke gaba, tunda ƙarin shekara huɗu kake nema.

Babu maganar da ta wuce tsaro a gabashin Sakkwato. Mun ga kisan da 'yan bindiga suka yi a kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021. Mun ga matafiyan da aka ƙone a cikin mota a yankin Sabon Birni a watan Disamba na shekarar. A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun 'yan bindiga bayan duniya ta ga bidiyonsa yana neman a cece shi. Allah Ya jiƙansu da rahama. A Tangaza da Gudu kuma ga 'yan bindigar nan da ake kira Lakurawa. Waɗannan su ne suka shiga labarai. Waɗanda ba su shiga ba sun fi yawa: garuruwan da ke haɗa kuɗin haraji su kai daji kafin a bar su su yi shuka, su sake haɗawa kafin a bar su su yi girbi, da magidantan da suka sayar da gona da shanun huɗa suka biya fansa, yau ba gona ba shanu. Dangi da yawa sun tsallaka jihar Maraɗi, wasu na kwana a kangaye da barandar makarantu a cikin manyan garuruwa.

Na san amsar da aka saba bayarwa, cewa soja da 'yan sanda na gwamnatin tarayya ne. Gaskiya ne. Amma rundunar tsaron al'umma ta jiha, askarawan nan, da dokar majalisarku aka kafa ta, da kuɗin da kuka amince ake tafiyar da ita, yaranmu ne kuma a ciki. To kai ne za ka bi diddigi: ana biyan su alawus a kan lokaci? Wanda ya rasu a bakin aiki, me doka ta tanadar wa matarsa da marayunsa? In wani a cikinsu ya zalunci mutum saboda ƙabilarsa ko tsohuwar gaba, ina za a kai ƙara? Wannan tambaya ta ƙarshe kada a yi wasa da ita. Mun ga yadda ɗaukar doka a hannu da ramuwar gayya suka rura wutar nan, har gwamnatin da ta gabata ta haramta 'yan sa-kai a 2021. Su kuma waɗanda aka raba da gidajensu, rabon tabarma da taliya ranar da babban baƙo zai zo ba tsari ba ne. Ka kawo ƙudurin da zai wajabta a yi musu rajista gari-gari, a ba su gurbi na dindindin a kasafi, a kuma tilasta wa makarantun garin da suka sauka su karɓi 'ya'yansu ko babu takardar canjin makaranta. Yaron da aka kore shi daga ƙauyensu yana shekara bakwai, in aka bar shi yana gararamba a tasha har ya kai sha biyar, kada a yi mamakin wanda zai ɗauke shi aiki.

Sai noma, wanda a nan zan ɗan daɗe domin shi ne sana'ata yanzu. Allah Ya ba mu fadamar Rima, albasarmu da tafarnuwarmu na zuwa Legas da Anacha har ƙasashen maƙwabta. Amma kowace shekara labarin ɗaya ne. Lokacin cirar albasa kowa ya fito da tasa a tare, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas, ga bashin taki da na fetur na jira, dole manomi ya sayar. Mai ɗan hali ya zuba a rudu, wato rumbun albasa na gargajiya, zafin bazara da laimar damina su cinye masa kaso mai yawa kafin ta yi tsada. A ƙarshen shekara in buhu ya ninka, ribar na hannun wanda ya iya ajiya. Ga kuma injin ban-ruwa da ke shan fetur, wanda tun 2023 ya kori ƙananan manoma da yawa daga lambu. Abin da muke buƙata sananne ne: rumbunan ajiya masu iska a manyan kasuwannin albasa, da injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana a kan bashi mai sauƙi ta hannun ƙungiyoyin manoma na gaskiya. Na ce na gaskiya domin akwai ƙungiyoyin da ba sa haihuwa sai an ji za a yi rabo. Haka taki. In ya zo bayan gero ya yi bununi, ko ya bi jerin sunayen 'yan jam'iyya, washegari a kasuwa za ka gan shi. Akwai kuma yawan karɓe-karɓe tsakanin gona da kasuwa, wannan ya yanka rasit, wancan ya yanka, wani ma babu rasit. Dokar haraji ta jiha a hannunku take. Ku fayyace abin da za a biya da wanda zai karɓa, a kafa allo a bakin kasuwa.

Dam ɗin Goronyo, wanda aka kammala a 1984, na gwamnatin tarayya ne, a ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Ba ku da iko a kansa. Amma wanda ya ga ambaliyar 2010, da ta share gonaki da ƙauyuka har ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san cewa a sanar da na bakin gulbi da wuri kafin a saki ruwa magana ce ta rai da mutuwa. Wannan ɗan majalisa na iya tsayawa a kai har a mayar da shi ƙa'ida.

Makaranta kuwa na san cikinta. Tun 2015 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin farko, jiha ba ta karɓar rabonta sai ta ajiye kwatankwacinsa. An yi gine-gine, an yi fenti, ba a musu. Sai dai ɗan siyasa na son gini saboda ana ɗaukarsa hoto, malami kuwa ba a yanke masa ƙyalle. Ka shiga makarantun ƙauyukanmu ranar Litinin da hantsi ka ƙirga malaman da ke cikin aji, ka gwada da sunayen da ke takardar albashi. Ka ɗauki ɗan aji biyar ka ba shi littafin Hausa ya karanta maka layi biyu. Abin da za ka gani shi ne ainihin rahoton ilimi na mazaɓarka. Malaman da aka tura ƙauye suna neman hanyar komawa birni saboda babu gidan kwana, babu alawus, ga tsoron hanya, masu uwa a gindin murhu kuma su ake fara mayarwa. 'Yan mata na tsayawa a aji shida domin ƙaramar sakandare ta yi nisa, babu uban da zai saki ɗiyarsa ta bi daji a wannan zamani. An sa hannu a dokar kare yara ta jiha a 2021. Majalisar da ta yi doka ita ya kamata ta waiwaya ta ga ko ana aiki da ita.

A kan lafiya ba zan tsawaita ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, manufar kuma ita ce kowace mazaɓar kansila ta sami asibiti ɗaya mai aiki. Muna da irin waɗannan mazaɓu 244 a jihar nan. A cikin waɗanda ke ƙarƙashinka, nawa ne mai naƙuda za ta je da ƙarfe biyun dare ta tarar da ungozoma da wuta da ruwa? Kuɗin tiyatar mutum ɗaya da kake biya daga aljihunka, in ka tsaya aka ɗauki ungozoma aka ajiye ta a gari, ka ceci matan da ba su san hanyar gidanka ba.

Akwai kuma ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su. Tsarinsu da yadda ake binciken kuɗinsu duk da dokar majalisar jiha ake yi. Kwalbati, da rijiya, da rumfar kasuwa, da maganin ɗakin shan magani, duk aikin ƙaramar hukuma ne. Da tana aikinta, da rabin masu sammako a ƙofar gidanka ba su zo ba. Muna son jin matsayinka a kan wannan da bakinka, kafin zaɓe.

Mu ma masu zaɓe da namu laifin, kada a ce na ɗora maka kaya duka. Mu ne ke kawo maka katin biki da ragon suna da kuɗin gyaran babur. Ɗan majalisar da ya kwana yana nazarin kasafi amma bai yi rabo ba, mu ne za mu fara ce masa marowaci. Kuma duk mai hankali ya san albashi da alawus ba za su ɗauki wannan nauyi ba, dole a nemo cikon a wani wuri, wanda ya nemo cikon a hannun ma'aikatar da ya kamata ya bincika kuwa bakinsa ya rufu. Haka muke cin kuɗin asibitinmu da na makarantarmu a matsayin kyauta, muna godiya. Wannan ɗabi'a ba za ta mutu a zaɓe ɗaya ba. Amma kai ne mai ilimi da matsayi a cikinmu, kai ya kamata ka fara gaya wa jama'a gaskiyar aikin da suka tura ka. Ina kuma roƙonka don girman Allah, a wannan kamfe kada a saya wa yaranmu ƙwaya a ɗora su a bayan mota da gora da adda. Bayan zaɓe kai Sakkwato za ka koma, mu za a bar wa su a gari.

Kada mashawartanka su ce maka ƙuri'ar masu irin wannan tambaya ba ta da yawa. A jihar nan aka yi zaɓen gwamna a 2019 da ƙuri'a 342 kacal ta raba na ɗaya da na biyu. Rumfar zaɓe ɗaya ta fi haka.

Abin da nake nema a gare ka ga shi. Kafin zaɓen fid da gwani, ka sa rana a kowace mazaɓar kansila, a filin makarantar firamare, a sanar a masallatai da rediyo mako guda kafin ranar. Kada a zo da makaɗa ko maroƙa, kada a yi rabon komai, domin da an ce akwai rabo taron ya tashi daga na tambaya. A gayyaci kowa, har 'yan adawa. A ware wa mata wurinsu da lokacinsu, ko a yi musu nasu zaman, domin su suka fi tsayawa a layi ranar zaɓe kuma su suka san halin asibiti. Ka zo da takardar halartar zamanka, da ƙudurorin da ka kawo ko ka mara wa baya, da abin da aka ware wa mazaɓarmu a kasafin 2024 da na 2025 da abin da aka saki. Inda ka yi ƙoƙari aka fi ƙarfinka, ka faɗa, za mu fahimta. Sannan ka zaɓi abu uku kacal da za ka sa gaba in ka koma, ka rubuta, ka sa hannu, a ajiye kwafi wurin uban ƙasa da limamin Juma'a. Duk wanda ya fito neman kujerar nan daga kowace jam'iyya, wannan sharaɗin za mu gindaya masa, kuma ina kira ga mutanen sauran mazaɓu 29 su nemi haka wurin nasu wakilan.

In ka ga dama ka amsa wannan wasiƙa a shafinka na Facebook ko a rediyo, yadda kowa zai ji. Ba sai an aiko mini da kowa gida ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Sakkwato da Najeriya baki ɗaya. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare, manomin albasa, ɗan mazaɓarka.